Sako 90, Blaser R8 ko Winchester Model 70: wacce ta dace da mafaraucin Kaduna?

Assalamu alaikum. Alhaji, tambayarka ta iso. Ka ce kana son bindigar farauta mai sakata, wato wadda ake jan ƙarfen bayanta da hannu a ɗura harsashi, ta kirki wadda har 'ya'ya za su gada, kana zuwa farauta Afirka ta Kudu sau ɗaya a shekara, kuma in takardu sun yiwu kana so ta zauna tare da kai a nan Kaduna. Idonka na kan guda uku: Sako 90, Blaser R8 da Winchester Model 70. Babu ta banza a cikinsu, kuma a mita 100 kowacce ta fi hannun yawancin maharba daidaito. Abin da zai raba maka su shi ne takarda, ƙurar hunturu, da kuma wanda zai gyara ranar da ta ƙi.

Mu fara da takarda, don ita ce ke zaɓar maka harsashi tun kafin ka zaɓi kamfani. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Adaka da danginta da ake ɗurawa ta baki, lasisinsu na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigogin farauta irin waɗannan suna hannun Sufeto Janar. Kaso na uku su ne haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu doka ta ambaci bindigogin soja masu girman harsashi 7.62mm, 9mm, .300 da .303. Nan ne mutane ke faɗawa rami, domin .308 Winchester, .30-06 da .300 Winchester Magnum, waɗanda kowane mai shago a Turai zai fara miƙo maka, duk faɗin bakinsu 7.62 ne. Kada ka sayi bindigar da za ka tsaya kana yi wa jami'i a shingen hanyar Kachiya bayanin bambancinta da ta soja. Harsasai irin .243, .270 Winchester, 7x57 da .375 H&H ba sa cikin wancan jerin. Ban da wannan, rundunar 'yan sanda ta sha sanar da cewa ta dakatar da bayar da sabon lasisi, shigo da bindiga kuma sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Saboda haka kada ka biya ko sisi sai amsar hukuma ta zo hannunka a rubuce. In ba ta zo ba, masu gandun farauta a Afirka ta Kudu suna ba da hayar bindiga, kuma hakan ba abin kunya ba ne.

To, a koma ga ƙarfe. Winchester Model 70 ita ce tsohuwar cikinsu, ta fito a 1936, kuma tsarin sakatarta daga bindigar Jamus mai suna Mauser ta 1898 aka ɗauko shi. A gefen sakatar akwai doguwar ƙugiya mai faɗi. Da zarar harsashi ya taso daga gidansa, ƙugiyar ta cafke gindinsa, ba ta saki har a harba a fitar da kwanson. Amfaninsa yana fitowa ne lokacin da mutum ya rikice, kamar ranar da ɓauna ta juyo: in ka tura sakata rabi ka ja baya, harsashin ya biyo ta ya faɗi waje, maimakon a bar shi a hanya na biyu ya zo ya cushe a bayansa. Abin da ke wurgar da kwanson kuma ƙarfe ne kafaffe, ba ya dogara da sifirin. Ka ja da ƙarfi ya yi nisa, ka ja a hankali ya faɗo a tafin hannunka. A 1964 kamfanin ya cire wannan ƙugiya don rage kuɗin ƙira, maharba suka yi ta ƙorafi, daga baya aka dawo da ita. Waɗanda ake sayarwa yanzu suna da ita, kuma a Fotigal ake harhaɗa su. In tsohuwa aka kawo maka, duba gefen sakatar da idonka, kada ka dogara da suna.

Makullin kariyarta mataki uku ne. A baya ya kulle kunama da sakata duka, a tsakiya kunama a kulle amma sakata na buɗuwa, a gaba kuma sai harbi. Matakin tsakiyar nan yana da wani amfani da ya shafe mu sosai: ka sa shi a tsakiya, ka zare sakatar, ka danna 'yar maɓallinta ka warware allurar, wato tsinken da ke bugun gindin harsashi, da hannu, ba sifana ba sukurdireba. Cikin minti biyu ka goge jar ƙasar da ta shiga ka mayar. Aibinta shi ne haƙoran da ke kulle sakata a jikin bindigar biyu ne, don haka hannun sakatar yana ɗagowa digiri 90, yana matsowa kusa da madubin saiti. In an ɗaura madubin ƙasa-ƙasa, babban yatsa na gogarsa.

Sako ta ƙasar Finlan ce, daga garin Riihimäki, kamfanin ya kafu a 1921, yanzu yana ƙarƙashin kamfanin Beretta na Italiya. Sako 90 ta fito a 2023 ta maye gurbin Sako 85. Haƙoran kulle uku ne, shi ya sa hannun ba ya ɗagowa sosai, kuma santsin sakatarta ba a magana. Akwai dalilin da ya sa muke cewa ka nemi 90 ɗin ko da an yi maka rangwame a kan 85. A 85, abin da ke ture kwanso yana ƙasan sakata ne, sai ya riƙa cilla shi sama. A wasu bindigogin masu dogon harsashi, kwanson ya bugi maɓallin madubi ya dawo cikin bindigar ya toshe hanya. A 90 an sauya shi da 'yan turaku biyu masu sifirin a fuskar sakatar, suna cilla kwanso gefe. Sai dai turaku masu sifirin suna da nasu halin: ɓarɓashin tagulla da ƙura kan taru a raminsu su maƙale. Bayan kowace fita ka danna su da tsinke, in ba su dawo da sauri ba a wanke su. Gidan harsashinta na ƙarfe ne, ana cire shi, kuma ana iya ɗura shi ta sama yana jikin bindigar.

Blaser R8 ta garin Isny ce a Jamus, ta fito a 2008, kuma ba ta kama da sauran biyun. Sakatarta ba a ɗaga ta, ja baya ne kawai a tura gaba, kan sakatar kuma yana buɗewa kamar fure ya kama cikin bututun ta kowane ɓangare. Harbi na biyu a cikinta ya fi sauri. Gidan harsashi yana zaune a kan kunama, abu guda ne da ita, wannan ya sa bindigar ta fi takwarorinta gajarta da wajen santimita 9 alhali tsawon bututu ɗaya ne. A mota ko a cikin sarƙaƙiya za ka ji daɗin wannan. Ba ta da makulli irin na sauran: sifirin allurar a sake yake har sai ka tura ɗan madanni gaba da babban yatsa, don haka ana yawo da harsashi a ciki ba tare da an ɗana ta ba. Ta fuskar kariya wannan tsari ya fi na sauran biyun, ko da yake madannin na da tauri, sai an saba.

Matsalarta a wurinmu biyu ce. Ta farko, in ba ka tura sakatar ta kai ƙarshe ba, ko datti ya hana ta rufuwa sosai, ka ja kunama sai ka ji ƙas, ba ta tashi ba. Da gangan aka yi ta haka don kariya, amma mai son ɗura harsashi a hankali don kada dabba ta ji motsi shi ya fi gamuwa da wannan. Ta biyu ita ce babba. Abin da ake biyan kuɗin Blaser dominsa shi ne sauya bututu: noti biyu za ka kwance, .243 ta koma .270, in an sauya kan sakata ma ta koma .375, madubi kuma a kan bututun yake ɗaure, saiti ba ya ɓacewa. Ga Bajamushe wannan riba ce. Ga kai, kowane bututu da lambarsa da girman harsashinsa, wato wata sabuwar takardar ce za ka bi. Kuɗin bututu ɗaya kuwa ya kai na Tikka T3x sukutum, ƙanwar Sako da ake ƙerawa a masana'anta ɗaya da ita. Ga shi kuma in kunamar ta faɗi a daji tare da gidan harsashin, sanda ce ta rage a hannunka, sai dai in ka kulle ta da ɗan makullin da ke cikinta tun daga gida.

A farashi, Winchester ce mai sauƙi, Sako na samanta, Blaser da maɗaurin madubinta kan ninka Sako. A nauyi ba su da wani bambanci, kilo 3 zuwa 3 da rabi ne ba madubi, ban da masu ɗaukar .375 da ake ƙara musu nauyi saboda shuri.

Kowacce ka zaɓa, ƙota za ta fi ba ka wahala a Kaduna fiye da ƙarfen. Katakon da ya sha laimar Agusta ya kumbura, zuwa Janairu hunturu ya busar da shi ya motse. In ya murɗe ya taɓa bututu, harsashi ya sauya wurin sauka, kai kuma ka ɗora wa madubi laifi. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki sabuwar takardar naira 200, ka zura ta tsakanin bututu da katako, ka ja ta har gindi. In ta tsaya a hanya, akwai inda suke haɗuwa. A yi gwajin sau biyu, tsakiyar damina da tsakiyar hunturu. Ƙotar roba ko ta katako mai hawa-hawa da aka manne da gam ba ta wannan halin, kuma duka ukun ana samunsu da ƙotar roba. Kyan katako ba a musunsa, amma na bango ne.

Mai kuma a rage shi. Mai da ƙura in suka haɗu sun zama kamar yashi, su ke cin sakata. Da hunturu ɗigo ɗaya a bayan haƙoran kulle ya isa, sauran jikin a goge shi ya bushe. Da damina akasin haka ne, a shafe waje da mai kaɗan, kada a bar ta kwana cikin akwati mai soso domin soso na riƙe laima, kuma ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa shi ma yana yi in an yi sakaci. Harsashi kuma kada ya yini a gaban mota cikin zafin Maris, albarushi mai zafi yana ƙara matsin da ke cikin bututu, sakata ta yi tauri wajen buɗewa.

Ga ra'ayinmu. In dabbobin fili za ka riƙa bi, su mazo, kanki, mugun dawa, ɗauki Sako 90 mai ƙotar roba a .270 Winchester. In ɓauna na cikin lissafi, Model 70 a .375 H&H ce, domin ƙasashe da dama ba sa yarda da abin da bai kai shi ba ga dabba mai haɗari, kuma ƙugiyar nan don wannan rana aka yi ta. Blaser ta dace da wanda zai ajiye ta a ƙasar da dillalinta yake kusa. A nan gida kuwa, gandun dajin Kamuku na Birnin Gwari ba a farauta a cikinsa, halin da dazuzzukan yankin suke ciki kuma ba sai an faɗa maka ba.

Kafin ka yanke, ka roƙi mai gandun da kake zuwa ya ba ka hayar irin wadda kake so. Ka ɗora ta a kan buhun yashi, ka yi harbi uku a mita 100, ka bari bututu ya huce, ka sake sau biyu. Bindiga mai kyau za ta tara ukun cikin santimita 3. In sun watse, duba notin maɗaurin madubi da na ƙota kafin ka zargi bututu, ka kuma gwada harsashin wani kamfani. Da harsashin .270 mai nauyin giren 130 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), saita shi ya sauka santimita 4 sama da tsakiya a mita 100, zai faɗa daidai a kusan mita 200. Ranar da taka ta samu kuma za ka tafi da ita, ban da izinin fitarwa daga nan, Afirka ta Kudu na buƙatar fom ɗin 'yan sandanta mai suna SAPS 520, ba sa yarda da bindiga biyu masu harsashi iri ɗaya, jirgi kuma ba ya ɗaukar harsashin da ya wuce kilo 5 ga mutum ɗaya.