Tashar shogi ta ABEMA: tana da kyau sosai, amma kar layin nan na kwamfuta ya ruɗe ka

Duk wanda yake son bin manyan gasannin shogi, wato darar Jafanawa, gaskiya tashar shogi ta ABEMA, talabijin ɗin intanet na Japan, ita ce ƙofa mafi sauƙi. Tun 2017 suka buɗe ta, kai tsaye suke haska wasannin kambu, daga ƙarfe tara na safe agogon Japan har zuwa lokacin da ɗaya zai sunkuyar da kai ya ce ya sallama, kuma yawancin na kai tsayen kyauta ne, talla kawai za ka haƙura da ita, in kana son komawa tsofaffin wasanni ne sai ka biya kuɗin wata.

Kambuna takwas ne a shogi, Ryuo da Meijin su ne manya, sai Oi, Oza, Kio, Eio, Osho da Kisei, kuma galibi jaridu ne ke ɗaukar nauyinsu, Yomiuri ce mai Ryuo inda zakara ke tashi da yen miliyan 44. A Meijin kowane ɗan wasa awa tara ake ba shi, wasa ɗaya kwana biyu, wanda ya fara cin huɗu shi ke da kambu. To ka ji fa, mutum biyu sanye da kimono zaune a tabarma, wani lokaci awa guda cur babu wanda ya taɓa allo, ta yaya za a haska wannan mutane su zauna su kalla?

Nan ne suka burge ni wallahi. Ba sa barin ka da shiru, akwai ƙwararren ɗan wasa a gaban babban allo yana ta jujjuya 'ya'yan yana nuna in an bi nan ga abin da zai biyo baya, ga wata ƙwararriya gefensa tana yi masa irin tambayoyin da kai ma su ne a bakinka. Kyamara ɗaya daga sama take kallon allon, ɗaya kuma fuskokin 'yan wasan. Har abincin rana da ɗan abin taɓawa na ƙarfe goma da ƙarfe uku duk sai an nuna, mutane na son wannan ɓangaren sosai, ni dai bai dame ni ba. Abin da nake jira shi ne yammacin ranar farko, lokacin da mai motsi zai shiga wani ɗaki ya rubuta motsinsa a asirce, a liƙe ambulan, abokin karawarsa ya sa hannu a kai, sai washegari alƙali ya yanke da almakashi a gaban kowa. An yi haka ne don kada ɗaya ya kwana yana tunani a bagas.

Sai maganar layin nan da ke saman fuskar waya, wanda suka kawo a 2020. Kwamfuta ce ke lissafi tana nuna wane ne a gaba, kashi 60 da 40 ko 80 da 20, har da jerin motsin da take ganin sun fi. Shi ya sa wanda ko dokokin bai gama sani ba zai iya bin wasa, kuma na yarda ya jawo jama'a da yawa. Amma yana da illa kuma dole a faɗa, kashi 99 a wurin kwamfuta ba kashi 99 ba ne a wurin ɗan adam da ya yini a zaune kansa ya yi zafi. A shogi duk ɗan da ka kama naka ne, kana iya dasa shi a allo ya yi maka yaƙi, saboda haka ƙarshen wasa hanyoyi yawa suke ƙarawa ba raguwa ba, sau da yawa hanya ɗaya tak ce ke kai ka ga nasara sauran duk rami ne.

Dubi abin da ya faru ranar 11 ga Oktoba 2023 a Kyoto, wasa na huɗu na Oza, Nagase Takuya mai riƙe da kambun da Fujii Sota mai ƙalubalantarsa. Layin ya ba Nagase kashi 99, lokacinsa ya ƙare ya koma minti ɗaya kowane motsi ana ƙirga masa daƙiƙu, maimakon ya dasa ɗan da ake kira zinare sai ya tura wanda ake kira doki, nan take layin ya kife ya koma wajen Fujii. Kyamara ta kama Nagase yana yamutsa gashin kansa yana kallon sama, ya riga ya gane tun kafin kowa ya faɗa masa, abin tausayi matuƙa. Daren nan Fujii ya haɗa kambuna takwas ɗin duka yana ɗan shekara 21, abin da ba a taɓa yi ba, Habu Yoshiharu ya haɗa bakwai a 1996 lokacin bakwai ɗin ne duka. Wanda layi kawai yake kallo zai ce Nagase ya yi wauta, wanda ya saurari masu sharhi kuwa ya san mutumin da ya kai Fujii bango ne, har Ito Takumi ya zo ya ƙwace Eio a 2024 babu wanda ya iya raba Fujii da kambu ko ɗaya.

Sharhin duk da Jafananci ne, 'ya'yan ma rubutunsu na Jafananci ne, sai ka haddace siffofinsu tukuna, iri takwas ne kawai da yadda suke komawa in an ɗaukaka su, wato an ƙara musu matsayi, ba wani dogon aiki ba. Shawarata ka fara da gasar kwana ɗaya kamar Kisei ko Kio masu awa huɗu, ka shigo da yammacinsu lokacin da wuta ta kama, kuma kar ka rufe da an sallama, ka tsaya ka ga yadda su biyun ke sake jera wasan suna bitarsa tare, mai nasara da wanda aka kayar, wani lokaci fiye da awa ɗaya. A biyar na ba su huɗu da rabi.