Sun sayi kamfanin wutata, suka mayar mini da dare rana

Ban taɓa zaɓar wannan kamfani ba, shi ya sa har yau nake jin nauyin kiran kaina kwastomansu. Saye na suka yi, kamar yadda ake sayen gida da 'yan hayar da ke ciki. Wata safiya wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa, da hoton wata mata tana dariya riƙe da kofin shayi, wai barka da zuwa. Ƙaramin kamfanin da nake sayen wuta a wurinsa tun zuwana Leeds ya koma hannun wani babba. Suka ce kada in damu, farashina yana nan, ragowar kuɗina tana nan, ba abin da zan yi. Ba zan faɗi sunansu ba, su biyun. Duk wanda ya ɗan daɗe a Ingila ya san irin wannan wasiƙa.

Gidan da muke haya ba gas, komai da lantarki ne. Mitarmu irin mai lamba biyu ce, wadda suke kira Economy 7: sa'o'i bakwai na dare da araha, sauran yini da tsada. Hitocinmu kuma masu bulo ne a ciki, su sha wuta da dare su tara zafi, da rana su riƙa sakinsa. Saboda haka kusan duk wutar da muke ci cikin dare ne. Uwargida har injin wanki ba ta kunnawa sai mun yi shirin barci. Fam 95 suke cira daga banki duk wata, kuma lokacin da aka sayar da mu ina da rarar kusan fam 200 da ta taru tun bazara.

Wata uku bayan wasiƙar dariya, imel ya shigo ina wurin aiki. Wai ana bi na fam 870, kuma daga wata mai zuwa za su riƙa cirar fam 240. Na karanta sau uku. Na fita waje na sake karantawa, kamar iska za ta canja lambar.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Na kira su, na yi minti 47 ina sauraron kiɗan jira. Wanda ya ɗauka ya ce shi abin da kwamfuta ta nuna masa ke nan. Na ce ya duba tsofaffin takarduna ya ga yadda nake cin wuta shekara biyu. Ya ce bayanan tsohon kamfani ba su gama shigowa tsarinsu ba. Na ce to, bari in kira tsohon kamfanin da kaina. Na kira, sai ga kiɗan nan dai, sai ga sunan sabon kamfani. Lambar ma sun saye ta. Wallahi a nan na fara jin abin a ƙirjina: wanda ya san ni babu shi, wanda yake nan bai san ni ba, kuma shi ke riƙe da lambar asusuna na banki.

Na ce shi ke nan, barinsu zan yi, ai ƙasar zaɓi ce. Na cike takardar komawa wani kamfani. Bayan 'yan kwanaki aka ce an dakatar, domin a ƙa'idarsu idan bashi ya wuce kwana 28 a kanka, kamfani yana da ikon hana ka tafiya. Bashin da ban ci ba shi ya zama mari a ƙafata.

Cikin Janairu ne fa. Uwargida ta kashe hitar falo da ta ɗakinmu, ta bar ta yara kawai. Muka koma kwana da rigar sanyi da safa. Ta fara zargin dutsen guga, ta zargi tukunyar shinkafa, ta hana yara daɗewa a wanka. Wata rana da asuba na tarar da ita a kicin tana dumama hannu a kan tururin buta, ta ce, "Abban yara, anya ba wani ne ya jona wuta a layinmu ba?" Na yi dariya, amma da na fita sai da na leƙa bayan gini.

Wanda ya warware matsalar ba ma'aikacinsu ba ne. Wani dattijo ne ɗan Zariya da ya shekara fiye da 30 a ƙasar nan, muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Na ba shi labari muna sa takalma. Bai bari na gama ba ya ce, "Ɗana, mitarka mai lamba biyu ce?" Na ce e, Baba. Ya ce, "Je ka gida yanzu da rana tsaka, ka rubuta lambobin biyu, ka dafa ruwa a buta sau uku, ka ga wacce ta motsa. Sannan ka duba takardarsu ka ga me suka kira ta."

Mitar tana cikin wani ɗan kabad a ƙarƙashin bene, inda mai gida ya tara tsofaffin gwangwanayen fenti. Na durƙusa da fitilar waya a baki, uwargida tana sama tana kunna buta tana kwala mini kira. Lamba ta biyu ce ta motsa. Na buɗe takardarsu: lamba ta biyu, dare. Wato wajen kwashe bayanai daga wannan kwamfuta zuwa waccan sun juya lambobin. Duk wutar da hitoci suka sha cikin dare, wata uku na tsakiyar hunturu, da farashin rana suka lissafa mini ita. Na zauna a ƙasa cikin ƙura ina dariya ni kaɗai.

A nan dole in yi adalci. Matar da na samu a kira na biyar mutuniyar kirki ce. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce in turo hotunan mitar da lokacin da aka ɗauke su, ta dakatar da ƙarin kuɗin nan take, ta kuma kira ni da kanta ranar da ta yi alkawari. Manhajarsu ma ta fi ta tsohon kamfanina nesa ba kusa ba, kana shigar da lamba kana ganin lissafi. Da aka gyara, bashin ya ɓace, rarata ta dawo, suka ɗora fam 50 na ban haƙuri. Ranar na ce wa uwargida ƙila ma alheri ne wannan haɗewar, babban kamfani ai ba ya rushewa dare ɗaya.

Sai dai ina rubuta wannan ina tuna cewa gyaran bai zo ba sai a mako na goma, kuma sai da na rubuta musu cewa mako takwas sun cika, zan kai ƙara ofishin Ombudsman mai sasanta irin wannan rikici. Kafin nan kira huɗu, imel shida, kowa da labarinsa. Fam 50 kuma ba ta biya makonnin da matata ta yi tana tari ba. Kuma in da ban haɗu da Baba a bakin masallaci ba fa? Da biya zan yi kaɗan-kaɗan ina zargin dutsen guga.

Bayan na samu 'yancina, sai a ƙarshen 2021 na koma shafukan kwatanta farashi da niyyar tafiya. Wayam. Lokacin da na zo, a 2018, kamfanoni kusan 70 ne ke zawarcin mutum, wasu har da kyautar kuɗi in ka kawo aboki. A shekarar ce ma hukumar kula da gasa ta CMA ta amince manyan kamfanonin wuta SSE da npower su haɗe, bisa hujjar cewa masu saye suna da zaɓi da yawa, kodayake auren bai ɗauru ba. Daga baya npower ya shige cikin E.ON, OVO ya sayi ɓangaren gidaje na SSE a farkon 2020. Sai tsadar gas ta zo ta kwashe kamfanoni 29 tsakanin Yulin 2021 da Mayun 2022, aka rarraba kwastomominsu ga waɗanda suka tsira. Bulb ya koma hannun Octopus a ƙarshen 2022, Shell Energy ya bi shi bayan shekara guda. Na sani, ba haɗewa ce ta sa Ofgem, hukumar kula da wuta da gas, ta ɗaga iyakar farashi ga matsakaicin gida daga fam 1,277 zuwa 1,971 a shekara a Afrilun 2022 ba, kasuwar gas ta duniya ce. Amma kuɗin kwashe gawar kamfanonin da suka mutu, wajen fam 94 kowane gida, a takardunmu aka zuba shi. Kuma a lokacin, waɗanda suka rage duk sun jeru a gindin iyakar nan, bambancinsu bai kai kuɗin mota zuwa Bradford ba. A gida mun saba, inda kake zaune shi ke zaɓa maka kamfanin wuta, ba ka da ta cewa. Ban zaci zan zo nan in ɗanɗana irinta da wasiƙa mai launi ba.

Ina nan tare da su har yau, ba don so ba. Tauraro biyu na ba su, ɗaya na manhaja, ɗaya na matar nan. Duk ranar ɗaya ga wata kuma ina sauka ƙarƙashin bene in ɗauki hoton lambobin biyu, na ma manna takarda a jikin mitar na rubuta da babban baƙi: ta sama dare, ta ƙasa rana.