Shagon turin da ya samo min Méhul

Akwai wani ɗan shagon turi a wajajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, da ya kamata masu neman kiɗan da ba a saba ji ba su san da shi. Yawancin masu turi, in abin da ka tambaya ba ya cikin kwamfutarsu, babu kawai za su ce maka. Yaron shagon nan kuwa da na rubuta masa Étienne Méhul a takarda, cewa ya yi, "Baba, bar min memorin, ka dawo bayan La'asar."

Méhul Bafaranshe ne mai tsara opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa. An haife shi a garin Givet na Faransa a 1763, tarin fuka ya yi ajalinsa a Faris a 1817. Abin da ya kai ni shi ne wasansa mai suna Joseph, wanda aka fara yi a 1807, wajen lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina. Ƙissar Annabi Yusuf ce, alaihissalam, yadda ta zo a Attaura, daga inda 'yan'uwansa suka iso Masar neman abinci. Sauti zalla na ce a tura min, don raina ba ya son ganin wani ya fito a matsayin annabi. Yaron bai yi min musu ba.

Wasan kashi uku ne, ya kuwa jera su bi da bi, kowace waƙa da lambarta. Abin da ya fi burge ni, bai matse sautin don ya rage nauyi ba. A Uthal, wani wasan Méhul na 1806 da yaron ya ƙara min kyauta, na ji amfanin haka. A nan Méhul ya cire ƙananan gogen nan masu siririyar murya gaba ɗaya, ya bar masu kaurin murya su ja ragama. Kiɗan ya yi duhu, ya yi nauyi a ƙirji, kamar hadarin Agusta ya haɗo daga gabas. Da an matse shi, da gunji kawai kunne zai ji.

Inda shagon ya gaza: ba benci, kuma ƙarar janareta ba ta bari ka saurari abin da aka tura maka kafin ka biya. Sai da na isa gida na tabbatar komai ya shiga. In za ku, ku tafi da memori mai wadataccen fili, da iyafis ɗinku a aljihu.