Wa Za a Ba Aikin Bidiyon Waƙar Haɗaka?

Waƙar da mawaƙa biyu ko uku suka haɗu a kanta tana da iyayen gida fiye da ɗaya. Kowane mawaƙi yana da masoyansa da manajansa da irin shigar da aka san shi da ita, kuma babu wanda zai yarda ya zama ɗan rakiya a waƙar da ya zuba muryarsa a ciki. Saboda haka wanda za a ba aikin bidiyon, sai an auna shi da iya tafiyar da mutane kafin a kai ga kyan hotonsa.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce a ɗauki darakta mai zaman kansa, wanda shi ne zai ba da umarni, ya riƙe kyamara, ya kuma tace hoton. Aikinsa yakan yi sauri, kuma ido ɗaya ne ke bin bidiyon daga farko har ƙarshe. Rauninsa yana fitowa ranar ɗauka, lokacin da baƙon mawaƙi ya makara awa uku, rana ta yi ƙasa, mai wurin da aka kama haya yana duba agogo, shi kuwa daraktan yana fama da fitila, ba wanda zai yi waya ya sasanta. Irin wannan ya dace idan wuri ɗaya ne, yini ɗaya, kuma mawaƙan sun saba da juna.

Kamfanin da ke ba da darakta daban da furodusa daban ya fi tsada, amma a ganina ladan furodusa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zaftare a aikin haɗaka. Darakta yana tunanin abin da za a gani a allo, furodusa kuma shi ne mai kasafin kuɗi da izinin wuri da daidaita ranakun mutanen da kowannensu ke ganin lokacinsa ya fi tsada. A nemi kamfanin ya kawo rubutaccen tsarin bidiyon kafin a ba da kafin alƙalami, inda za a ga abin da zai faru a baitin kowa da kuma lokacin amshi. A kuma tambayi sunan wanda zai tsaya a wurin ɗauka, domin sau da yawa aikin babban darakta ake nuna wa mai saye, ranar aiki kuma a turo yaronsa.

Idan mawaƙan suna ƙasashe daban-daban, akan ɗauki kowa a inda yake, sannan a haɗa a wurin tacewa. Wannan yana rage kuɗin jirgi da masauki, sai dai nan ne aka fi yin ɓarna. Dole ƙungiyoyin ɗaukar hoton biyu su amince da yawan hotunan da kyamara za ta ɗauka a daƙiƙa, ko 24 ko 25 ko 30, domin wutar lantarki a Turai da mafi yawan Afirka tana kan zagaye 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuma 60, kuma idan saitin kyamara bai dace da ita ba, wasu fitilu za su riƙa ƙiftawa a cikin hoton. Dole kuma kowa ya bi waƙar da aka kammala gyaranta, ba wani tsohon kwafi ba, in ba haka ba baki da murya za su saɓa. Har gefen da kowa zai kalla sai an yanke, domin idan dukansu suka kalli dama, mai kallo zai ga kamar ɗaya ya juya wa ɗaya baya. Mutum ɗaya ne zai gyara launin hotunan duka. Koren ƙyalle, wanda ake ɗaukar mutum a gabansa sannan a maye gurbinsa da wani wuri a wurin tacewa, yana iya haɗa su a fage ɗaya, amma mai arha daga cikinsa ba ya ɓuya.

Kowace hanya aka bi, a nemi ɗauka da 4K, wato 3840 a 2160, domin daga ciki za a yanko tsayayyen hoto na 9:16 don TikTok da Instagram bayan an fitar da na 16:9 don YouTube. Mutum biyu da suka tsaya nesa da juna ba za su shiga tsayayyen hoto tare ba, don haka a gaya wa darakta tun kafin ya tsara tsayuwarsu.

Sauran magana ta takarda ce. A rubuta wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan tacewa, da sau nawa za a mayar da aiki gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, da wanda zai riƙe ɗanyen hoton bayan an gama. A rubuta tashar da bidiyon zai fito da sunan da zai zo farko, domin idan kamfanin rarraba waƙa na ɗaya daga cikin mawaƙan ya yi wa waƙar rajista a Content ID, tsarin YouTube mai gano waƙar mai haƙƙi a bidiyon da wasu suka ɗora, ɗayan yana ɗorawa a tasharsa za a iya karkatar da kuɗin tallar ko a toshe bidiyon, sai in an sa tashar tasa cikin waɗanda aka yarje wa tun farko.