Yawon Meizhou, gidan Ye Jianying: kuɗina bai tafi a banza ba

Bayan mun gama lodin kaya a Guangzhou wani kamfanin yawon buɗe ido ya kai mu Meixian da ke yankin Meizhou, garin da aka haifi Marshal Ye Jianying, babban hafsan sojan China, a 1897. Gaskiya gaid ɗin ya iya aiki wlh, tiryan-tiryan ya ba mu labari, daga koyarwarsa a makarantar soja ta Whampoa, zuwa zama marshal a 1955, har rawar da ya taka wajen cafke gungun 'yan siyasa huɗun nan da ake kira Gang of Four, ciki har da matar tsohon shugaban China Mao, a Oktoban 1976. Tsohon gidan ginin ƙauye ne, ɗakuna ƙanana. Matsalata abinci, naman alade ko'ina, da biskit da ayaba na wuni, kuma esin motar ya mutu a hanya. Mai zuwa ya tafi da guzurinsa.