Peach da coral: ba pink ɗaya ba ne

Anty kin ce amarya ta fitar da anko wai leshi peach, gyale kuma coral, ke kuma duk pink kike gani, meye bambancinsu? Toh bari in faɗa miki yadda nake rabe su, don kullum a wajen ɗinki sai mun yi wannan musun da kwastomomi.

Pink dai shi ne ruwan hodar da muka sani, ja ne aka sirka da fari. Sauran daga nan suke karkacewa, wasu su nufi ruwan goro wasu su nufi shunayya, in kin gane wannan kin gama rabin aikin.

Peach da coral duk ɓangaren ruwan goro suke amma peach ya fi haske sosai, sunan wani ɗan itace ne, akwai ɗan rawaya-rawaya a cikinsa, in kika ajiye shi kusa da farin yadi sai ki ga kamar an ɗiga masa shayi mai madara. Coral kuwa murjani ne, ki tuna tsakiyar murjanin da iyayenmu ke sawa a wuya, toh irin wannan jan mai ɗumi, ya fi peach ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa amaryar taki ta haɗa su, gyalen ne zai tada leshin kuma gaskiya ta iya zaɓe. Salmon yana tsakaninsu, kalar tsokar kifin da ake kira haka. Blush ya fi su sanyi, daga jan da ke fitowa a kumatun farar fata in ta ji kunya aka samo shi.

Fuchsia da magenta su ne na ɓangaren shunayya, masu kashe ido. Fuchsia sunan fure ne, magenta kuma gari ne a Italiya da aka yi yaƙi a 1859 aka sa wa sabon rini sunansa. A kwamfuta ma lambarsu ɗaya, a yadi ne 'yan kasuwa ke rabawa. Shi onion pink da kike ji a bakin 'yan kasuwa, yanka jar albasa ki duba cikinta, shi ke nan.

Dan Allah kar ki saya da hoton waya, ki karɓo ɗan ƙyalle a wajen amarya ki tafi da shi kasuwar Kwari, ki fito da gyalen bakin shago ki gwada a hasken rana, ƙwan lantarki yana sa coral ya koma kamar ja.