Hattara da mai tallan bidiyon kaset, ya ci mini dubu 48

Jama'a, akwai wani mai tallan tsofaffin kayan wuta a Facebook, ku guje shi. Naira 48,000 ya ci mini. Dubu arba'in da biyar kuɗin bidiyo, dubu uku kuɗin mota, da hannuna na tura masa.

Kada wani ya zo yana tambayata wa ke sayen bidiyon kaset a zamanin nan. Baba yana da kwali guda cike da kaset, tafsirin azumi da hawan sallah da ya ɗauka daga talabijin tun shekarun 1990, har da na bikinsu da Hajiya. Tsohuwar na'urar bidiyonsa ƙirar National ta mutu, na yi masa alkawarin wata.

Kuma ba da ka na saya ba, wallahi na yi tambaya. Na ce PAL ce, wato tsarin hoton talabijin ɗinmu? Don kaset ɗinmu na nan duk PAL ne, injin Amurka mai NTSC ba zai nuna su ba. Ya ce tana cin kowanne. Na ce hed nawa, wato kawunan da ke karanta kaset? Ya ce huɗu, har da Hi-Fi, ga rimot. Ya turo mini hoto mai motsi, ga ta tana aiki tas. Sai ya ce, "Yallaɓai, sabuwa ce fil a leda." A nan ya kamata in farka. Na san Funai, kamfanin ƙarshe mai ƙera su, ya daina tun 2016. Na faɗa masa ma! Ya ce ragowar kaya ce da ta kwana a sito, ya ƙara da cewa, "Ni ma ina da uba, ba zan cuce ka a kan Baba ba." Wannan maganar ce ta kashe mini jiki. Ni ma ina da uba. Har yanzu tana yi mini yawo a ka.

Mai gyara da ya buɗe ta dariya ya yi. Hed biyu ne, takardar da ke cewa huɗu manna ta aka yi, bel ya narke ya zama kamar kwalta, kuma NTSC ce zalla. Af, kafin nan ma, ranar da na karɓo ta a tasha na ga 120V a bayanta, mu kuwa wutarmu 220 ce zuwa sama. Maimakon in tsaya, sai na sayo na'urar rage wuta, wata 6,000 ke nan. Rimot kuwa babu shi a kwalin. Na kira mai tallan a daren, ko washegari ne, ya ce yana masallaci. Daga nan ya toshe lambata.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki duk suna nan, zan saka su anjima. Na'urar da ya nuna mini baƙa ce, wadda ta iso ruwan toka.

In za ku saya, ku je da kaset ɗin banza a gwada a gabanku, a ɗauka a kuma nuna, ku duba bayanta. Kada ku tura ko sisi.

Ni kaset ɗin bikin na fara sakawa, don Hajiya na zaune tana jira. Na'urar ta tauna zaren, sai da almakashi muka ciro shi. Hajiya ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Dubu arba'in da takwas, jama'a.